Darasin Sana'a: Yadda Ake Gyara Jakar Fata Ta Gwanjo

Darasinmu na wannan wata a kan jakar hannu ta fata ne, irin wadda ake samu a wurin 'yan gwanjo. Kowa ya san ta. Ana zube ta a kan buhu ranar kasuwa, ta sha ƙura, ta lanƙwashe, wani lokaci har da wari. Mutane da yawa suna wucewa ba su ko dube ta ba. Amma a cikin tarin nan akan sami jakar da za ta yi shekara da shekaru ana rataya ta, in dai ta faɗa hannun wanda ya san ta. Matar da ta iya gyaran irin wannan jaka ta huta da sayen sabuwa kowace salla. Wanda kuma yake neman 'yar sana'a da ƙaramin jari, to ga ƙofa a buɗe.

Sai dai a sani, akwai asara a cikin harkar. Wuri biyu ne kuɗi yake salwanta. Na farko wajen saye, idan aka ɗauki roba da sunan fata. Na biyu wajen wanki, idan aka wanke fata kamar yadda ake wanke zane. Kuɗin adashin da mace ta yi wata uku tana zubawa yana iya tafiya a rana guda ta ɗayan hanyoyin nan.

Daga ina jakunkunan suke zuwa?

Yawancin kayan gwanjo daga ƙasashen Turai da Amurka suke fitowa, yanzu kuma har daga ƙasar Sin. Mutanen can sukan ba da kayan da suka daina amfani da su ga shagunan taimako. Abin da bai sayu a can ba sai a ware shi, a matse shi da inji a ɗaure dila-dila, a loda a jirgin ruwa. Da yawa daga cikin dilolin ta tashar Kwatano da ta Lome suke shigowa ƙasashenmu. A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna wajen gwanjo. Daga irin waɗannan manyan kasuwanni ne ƙananan 'yan kasuwa suke saro kaya su kai kasuwannin ƙauye.

Ku duba irin tafiyar da jakar ta yi. Ta yi makonni a matse cikin akwatin ƙarfe, ga zafi ga laimar teku. Wannan shi ya sa take isowa a murɗe, da wari, wani lokaci da fumfuna. Ba lalle ba ne ta tsufa. Sau da yawa wahalar hanya ce kawai.

Wani abin sha'awa kuma shi ne, wata jakar gida ta dawo. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da yin suna a duniya. A zamanin da, fatake suna ratsa hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga nan ta haye Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya rubuta labarin cinikin takalma da jemammun fatu da ya tarar a birnin. Har yanzu masana'antun jima na Kano, kamar na Challawa da Sharaɗa, suna tura fatun awaki da tumaki ƙasashen waje, musamman Italiya, inda ake ɗinka jakunkuna da takalma. Saboda haka aikin fata ba baƙonmu ba ne. Majema da dukawa suna nan a garuruwanmu, kuma iliminsu zai taimake mu a wannan darasi.

Fata ce ko roba?

Ga wani abin dariya. Kalmar nan "leda" daga Turanci muka aro ta, kuma a can ma'anarta fata. Da ta shigo Hausa sai ta zama sunan roba. To haka abin yake a kasuwa. Jakunkuna da yawa da suke kama da fata, ƙyalle ne aka shafe shi da roba, aka buga masa zanen fata da inji. Irin wannan idan ta fara salewa ba ta da magani. Ko gam ko fenti ba sa tsayar da ita.

Abu na farko da za a duba shi ne bakin yanka. A nemi wurin da aka yanke fatar ba a naɗe ba, kamar ƙarshen maratayi, ko ramin da ake sa ƙarfen maɗauri, ko gindin zif daga ciki. Fata ta gaskiya tana da ɗan gashi-gashi a bakinta da bayanta, zaruruwan sun cuɗe da juna kamar audugar da aka danne. Roba kuwa za a ga saƙar ƙyalle a bayanta, ko wani abu mai kama da soso.

Sannan a danna ta da babban yatsa. Fata takan yi 'yan ƙananan tamoji kewaye da yatsa, kamar fatar hannun mutum, in an saki ta koma. Roba takan lotsa ne kawai. A kai ta haske a dubi ramukan gashi. A fatar dabba ba su jeru daidai ba, wani wuri sun yi yawa, wani wuri kaɗan, har akan ga tabon ƙaya ko na kaska. Zanen inji kuwa iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A sansana ta. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar baduku ya san ƙanshin jemammiyar fata. Roba warin sabon bokiti take yi.

Wasu suna cewa a ɗiga ruwa, in ta sha to fata ce. Gaskiya ne, amma ba kullum ba. Akwai fata ta ainihi da aka rufe fuskarta da fenti a masana'anta, ba ta shan ruwa da sauri. Wasu kuma suna ƙyasta ashana. Wannan ban ba da shawararsa ba. Kayan mutane ne, in ka ƙona ka saya.

A nan ne karatun boko yake da rana. A leƙa cikin jakar a nemi 'yar takardar da aka ɗinka. Idan aka ga haruffan nan PU ko PVC, to roba ce, babu ja. Idan aka ga "Genuine Leather" da Turanci, ko "Cuir" da Faransanci, ko "Vera Pelle" da yaren Italiya, ana nufin fata ce. Wani lokaci hoto ake sawa, mai kama da fatar dabba da aka shanya aka kafe ta. Amma takarda tana iya yin ƙarya, ido da hannu su ne alƙalai. Babban suna da aka liƙa a gaban jaka shi ma ba shaida ba ne. Na jabu sun fi na gaskiya yawa.

Akwai abu guda da ya kamata mai sayarwa a garuruwanmu ya lura da shi. Wasu jakunkunan waje da fatar alade ake yi musu shafi daga ciki. Ana gane ta da ramukan gashinta: manya ne, kuma uku-uku suke zama wuri ɗaya, kamar duwatsun murhu. Masu saye da yawa ba za su karɓe ta ba. Gara a gane tun a kasuwa.

Wadda za a bari ko da araha

Ba kowace fata ce take gyaruwa ba. A lanƙwasa wani gefe a hankali. In ta tsage ko ta yi ƙara kamar busasshen ganye, ta mutu. A goga yatsa a kusurwa. In wani jan gari ya biyo yatsa, fatar ta ruɓe daga ciki, kuma mai ba ya ta da ita. Wadda ta yage a tsakiyar fuska ita ma a bar ta, domin faci ba ya ɓoyuwa a nan. A buɗe aljihuna a dubi bakin ɗinki. In an ga kuɗin cizo, ko ɗige-ɗigen baƙin kashinsa, a ajiye ta a yi gaba. Ribar jaka ɗaya ba ta kai wahalar fitar da kuɗin cizo daga ɗaki ba.

Datti, da wari, da lanƙwasa, da warwarar ɗinki, da zif mai gardama, duk waɗannan suna gyaruwa. Su ne ma suke sa a sami ragi wajen ciniki.

Jima iri biyu ce

Kafin a taɓa jaka da ruwa, yana da kyau a san irin jimar da aka yi wa fatarta. Majemanmu da bagaruwa suke jima. A ƙasashen waje ma akwai masu jima da ɓawon itace. Irin wannan fata tana da ɗan tauri, bakin yankanta ruwan ƙasa ne, tana shan ruwa da sauri, kuma tana yin duhu in ta jiƙe ko ta sha mai.

Iri na biyu jimar masana'anta ce da wani gishiri da ake kira kurom. A shekarar 1884 wani mutum a Amurka mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar wannan hanya, daga nan ta bazu. Ta fi jimar bagaruwa sauri ƙwarai, kuma yau ita ce ta fi yawa a duniya. Fatarta tana da laushi, in an dubi tsakiyar bakin yankanta sau da yawa akan ga launin toka mai ɗan shuɗi. Yawancin jakunkunan gwanjo masu laushi irin wannan ne. Ta fi jure ruwa.

Ga dalilin da ya sa sanin nan yake da amfani. Dukawa suna yin baƙin rini da ake kira kuloko, kuma ƙarfe ne ginshiƙinsa. Da ruwan ƙarfen ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta yi baƙi nan take. To haka zai faru in aka ɗora jiƙaƙƙiyar jaka irin wannan a kan tsohon kwano mai tsatsa, ko aka rataye ta a ƙusa. Baƙin tabon da zai fito rini ne, ba datti ba. Wanki ba ya fitar da shi.

Wanki

Kayan aikin ba su da tsada: tsumma mai laushi na auduga guda uku, fari ya fi, tsohon buroshin haƙori, ɗan kwano na roba, sabulun wanka mara ƙarfi, irin na jarirai, da ruwa mai tsabta wanda ba shi da zafi.

A yi aikin a tsakar gida, a inuwa. Kada a shiga da jakar ɗakin kwana sai an gama. Da farko a zazzage ta sarai, a laluba kowane aljihu. Akan sami kuɗin ƙarfe na wata ƙasa, da takardu, da allura, har da ƙwayoyin magani. Maganin da ba a san shi ba a jefa shi a masai, kada yaro ya tsinta.

A fara da ciki. In ƙyallen ciki yana jawuwa waje, a jawo shi kamar yadda ake juya aljihun riga. A kakkaɓe, a goge bakin ɗinki da buroshi. Sannan a wanke ƙyallen kaɗai da kumfar sabulu, a riƙe jakar sama yadda ruwa ba zai gangara kan fatar ba. A matse da busasshen tsumma, a bar shi a waje ya bushe kafin a mayar.

Sai fuskar jaka. A share ƙura da busasshen tsumma tukuna. Wanda ya sa ruwa a kan ƙura taɓo ya kwaɓa, kuma taɓon zai shige ramukan fata. Bayan haka a kaɗa ɗan sabulu a ruwa ya yi kumfa. A tsoma tsumma, a matse shi sosai har ya daina ɗiga. A gwada a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan jaka. In launi ya biyo tsumma da yawa, a tsaya, a bar ta da busasshiyar guga. In bai biyo ba, a ci gaba. A riƙa shafawa a hankali, ana zagayawa, gefe guda daga ɗinki zuwa ɗinki. Kada a wanke wuri ɗaya a bar sauran, domin in ya bushe zai bar shaci. Maratayi da bakin jaka sun fi datti saboda gumin hannu, a maimaita a nan sau biyu ko uku. A bi da tsumma na biyu mai ɗan laimar ruwa zalla a ɗauke sabulun, sannan a tsane da na uku.

Kada a tsoma jakar fata a bokiti, ko sau ɗaya. Kada a sa mata garin sabulun wanki, ko sabulun salo, ko bilic, ko kanwa, ko ruwan toka. Ku tambayi majemi me yake zuba wa ɗanyar fata in yana son gashi ya zube. Zai ce muku toka. Abin da yake da ƙarfin tuge gashi daga fata ba zai bar jemammiya lafiya ba. Yana cinye man da ke cikinta, ta bushe ta tsattsage. Kananzir da fetur su ma haka, ga kuma wari da hatsarin wuta. Fiya-fiya kuwa guba ce da take shiga jiki ta fata da numfashi. Jakar da mace za ta maƙale a hammata ba wurin zuba guba ba ce.

Shanya ita ce inda masu gaggawa suke faɗuwa. Kowa ya ga yadda takalmin fata yake ƙandarewa in ya jiƙe aka bar shi a rana. A cusa wa jakar tsummoki masu tsabta ko takarda har ta cika ta tsaya da siffarta ta asali. In tsohuwar jarida za a sa, a naɗe ta da ƙyalle don kada tawada ta ɓata cikin jaka, kuma a tabbata an gama karanta ta. A ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa, kwana ɗaya ko biyu. Ban da rana, ban da gefen murhu, ban da dutsen guga. Cusawar nan ita ce take miƙar da lanƙwasar da dila ta yi mata. Wata jakar sai ta yi mako a cushe kafin ta miƙe.

Akwai iri biyu da ba a bi da su ta wannan hanya. Fata mai gashi-gashi kamar karan-miski ba ta son ruwa, ba ta son mai. Busasshen buroshi ake bi da ita, tabo kuma a murza shi da abin goge rubutun fensir. Fata mai ƙyalli kamar madubi kuwa an riga an rufe fuskarta, tsumma mai ɗan laima ya ishe ta.

Fumfuna, tabo da wari

Fumfuna ita ce farin abu ko kore da yake fitowa a kan fata in ta daɗe a laima. Abu ne mai rai, kuma ƙurarta tana sa tari da atishawa. A ɗaura ƙyalle a hanci, a kakkaɓe ta a waje nesa da abinci. Mai ciwon asma ya bar wa wani wannan aiki. Sannan a sayi sifirit a kyamis, irin wanda ake goge wurin allura da shi. A haɗa shi da ruwa daidai wa daida, murfi ɗaya na wannan, murfi ɗaya na wancan. A gwada a ɓoye tukuna, domin sifirit yana iya ɗaga launi. In lafiya, a goge wurin da tsumma matsattse, a shanya a inuwa. A yi aikin nesa da wuta.

Tabon maiƙo ba a sa masa ruwa. A daka allin makaranta fari, ko a sami hodar jarirai ko garin sitaci, a barbaɗa da kauri a kan tabon, a bar shi ya kwana. Garin yana tsotse man. Da safe a kakkaɓe, in da saura a sake. Sabon tabo yana fita. Tsoho yakan rage ne kawai.

Tawadar biro ita ce mai taurin kai. Abin da zai narkar da ita yakan narkar da launin jakar ma. A ganina ƙaramin zanen biro gara a bar shi. Masu ƙoƙarin kankare shi sukan ƙare da farin tabo wanda ya fi zanen muni.

Warin gwanjo iska ce maganinsa. A buɗe jakar a bar ta a inuwa kwana uku ko huɗu. A ƙulla gawayi busasshe a cikin ƙyalle a sa a ciki, yana jan wari. Fesa turare ba ya korar wari, haɗuwa suke yi su ba da wani na uku, kuma turaren ruwa yana barin tabo a fata.

Shafa mai

Lokacin jima ana sa wa fata mai domin zaruruwanta su riƙa zamewa a kan juna. Shi ne laushin da ake ji. Shekaru da zafi da wanki suna rage shi. Saboda haka bayan jakar ta bushe sarai sai a mayar mata da kaɗan.

Abin da muke da shi a gida wanda ya dace shi ne man kaɗanya mai tsabta. In ana so ya fi kyau, a haɗa cokali 3 na man kaɗanya da cokali 1 na kakin zuma. A zuba a gwangwani, a sa gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi har su narke, a juya, a bar shi ya daskare. Kada a ɗora gwangwanin a kan wuta kai tsaye. Kakin yana ba da sheƙi, yana kuma kare fata daga yayyafi.

Ma'aunin kaɗan ne ƙwarai. Kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ta ishi gefe guda na matsakaiciyar jaka. A murza shi a tsumma tukuna, sannan a shafa ko'ina daidai. A bar ta ta kwana. Da safe a goge da busasshen tsumma har hannu ya daina jin maiƙo. In fatar ta shanye duka kuma har yanzu da tauri, a ƙara wani bayan kwana biyu. Mai in ya yi yawa yana sa fata ta yi danƙo, ta kama ƙura, ta ɓata tufafi, da damina kuma ya zama abincin fumfuna.

A sani man kaɗanya yana sa fata ta ƙara duhu. Ga baƙar jaka ko mai ruwan ƙasa babu laifi. Ga fara ko mai ruwan madara, a nemi man goge fata mara launi a wurin masu sayar da kayan takalma.

Wani zai ce, ai majema suna sa man gyaɗa. Haka ne. Amma su suna murza shi ne a cikin fata tun tana da laima, kafin rini. In aka shafa shi a kan jakar da aka gama, a sama yake zama, ya yi ɗoyi, ya kira tururuwa da ɓera. Manja da man shanu sun fi shi ɓarna. Baƙin man inji kuwa ba a ma maganarsa.

Zif, ƙarafa da ɗinki

Zif mai gardama a goge haƙoransa da buroshi, a goga masa kyandir, a ja shi sama da ƙasa. In yana rufewa yana buɗewa daga baya, kan zif ɗin ne ya saki. A matse shi kaɗan da filaya, gefe da gefe. In aka matse da ƙarfi zai karye. In haƙora sun zube, sai sabon zif.

Zobba da maɗaurai na tagulla sukan yi wata koriyar tsatsa. A kankare ta da tsinke, a goge ƙarfen da auduga mai ɗigon lemon tsami, a tsane nan da nan. A sa takarda tsakanin ƙarfen da fatar don kada ruwan lemon ya taɓa ta.

Ɗinkin da ya warware, a bi tsofaffin ramuka da allura da zare mai ƙarfi wanda aka goga wa kaki. Kada a huda sababbin ramuka kusa da na da, fatar za ta yage a tsakani kamar takardar rasit. Gindin maratayi shi yake ɗaukar nauyin jaka duka, wannan aikin baduku ne ko mai gyaran takalmi. Yana da basilla, ya kuma san yadda zai sa wata fatar daga ciki ta ƙarfafa wurin. Gam mai kamawa nan take, irin na 'yar ƙaramar kwalba, yana ƙandarar da fata ta karye. Gam ɗin masu takalma shi ne daidai.

Kusurwoyin da suka koɗe ana iya taɓa su da man goge takalmi mai launin jakar, ɗan kaɗan, a goge sosai. Amma kada a shafe jaka duka da shi. Takalmi a ƙasa yake, jaka kuwa a jikin tufafi take. Farin mayafin da ya ɗauki baƙin shaci ranar biki zai dawo wa mai sayarwa da rigima. Sake launin jaka gaba ɗaya aikin masu rini ne. Bayan kowane irin gyaran launi, a goga farin tsumma da ƙarfi. In ya fito da launi, jakar ba ta isa fita ba.

Ajiya da lissafi

Kada a ƙulle jakar fata a leda. Laima tana taruwa a ciki ta haifi fumfuna. A sa ta a tsohuwar rigar matashi ko a naɗe da zane, a cushe, a ɗora a sama nesa da ƙasa da bango. Da damina a riƙa fito da ita ta sha iska. Da shigowar hunturu, lokacin da leɓe da diddige suke tsagewa, ita ma a shafa mata ɗan mai.

Mai son yin sana'ar ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ya kashe. Ga misali, kuɗin na koyon lissafi ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. An sayi jaka 4, kowace N2,500, ya kama N10,000. Kuɗin mota N2,000. Sabulu da sifirit da mai N1,000. Baduku ya karɓi N2,000. Jimla N15,000. Da aka zo gida sai jaka ɗaya ta fara salewa, ashe roba ce. Saura 3. Kowace ta tsaya a kan N5,000 ke nan. Wanda bai rubuta ba zai tuna N2,500 kawai, ya sayar a N4,500 yana murna. Jaka 3 sun ba shi N13,500, ya yi asarar N1,500, ga wahalar mako guda a banza. In ya sayar a N6,000 zai sami N18,000, ribarsa N3,000.

Wajen sayarwa a gaya wa mai saye cewa gwanjo ce aka gyara, a nuna masa wurin da aka ɗinke. A ƙauye mai saye maƙwabci ne, gobe ma za a haɗu a rijiya.

Malaman azuzuwa, a mako mai zuwa ku sa kowane ɗalibi ya zo da tsohon takalmi ko ɗamara ko jakar da aka daina amfani da ita. A jera su a kan tabarma, a ware fata daga roba, a karanta abin da aka rubuta a cikinsu da babbar murya. Wanki da shafa mai na farko a yi su a kan waɗannan tsofaffin kaya, kafin kowa ya kai kuɗinsa kasuwa.